Maigidana ya mayar mana da gida birnin Rum

Assalamu alaikum, Anti. Shekararmu 16 da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana aikin kwamfuta yake yi. Ba ya zaman majalisa, ba ya yawon dare, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Matsalata da shi ɗaya ce: tarihin Rumawa.

In ruwan famfo ya ɗauke na ce a kira ɗan garuwa, sai ya ce ai birnin Rum manyan magudanan ruwa 11 ne ke shayar da shi, na farkon tun shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Har ɗan garuwan ya taɓa tsarewa a zaure da wannan bayani. In na jefa daddawa a miya, ya ce Rumawa ma suna da tasu, ta kayan cikin kifi da gishiri. Ranar da ya gaya wa yara muna tsakiyar cin tuwo cewa da fitsari suke wanke tufafi, har wani sarkinsu ya sa wa fitsarin haraji, tsame hannuna na yi na tashi. Kyanwarmu ma Niro sunanta, sunan wani sarkin Rum.

Babbar 'yarmu, mai shekara 14, yanzu ɗaukar kwanonta take ta shige ɗaki. Ita ɗinki ne a ranta, shi kuwa bai taɓa duba abin da take ɗinkawa ba. Mai bi mata, ɗan shekara 11, ya ɗauko halin uban. Malaminsu ya ce a lambobin Rum kuskure ne a rubuta huɗu IIII, sai dai IV, ya miƙe a gaban aji ya ce malam ne ya yi kuskure, har aka kira ni makaranta. Autanmu mai shekara biyar ya je yana lissafa wa kakarsa sunayen gumakan Rum, Hajiya ta ce ana cusa wa jikokinta tarihin arna, kuma laifina take gani. Kuɗin da muka ware na gyaran firji ya sayo littattafai da su. Ni kuma na manta rabon da ya tambaye ni yadda na wuni. Don Allah Anti, yaya zan raba shi da wannan abu?

Uwar 'ya'ya uku, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Sau biyu na yi dariya kafin in kai ƙarshen wasiƙarki, a kan ɗan garuwa da kuma a kan kyanwar. Da na zo layin ƙarshe sai dariyar ta ɗauke. Kin jero ruwa, daddawa, makaranta, suruka da firji, sannan kika saƙala babbar maganar can ƙasa kamar mai jin nauyin faɗarta. Zan zo kanta, ban manta ba.

Amsar tambayarki dai gajeriya ce: ba za ki raba shi da Rum ba, kuma kada ki gwada. Mutumin da ya haddace shekarar da aka haƙa hanyar ruwa a wata ƙasa, ba jarrabawa zai zauna ba, ba ƙarin albashi za a yi masa ba, abin ya riga ya shiga jininsa. Ranar da kika ce ya zaɓa ko ke ko littattafan, ke zai zaɓa da baki, ya koma karatu a waya a ɓoye, ki wayi gari da gida shiru da miji mai ɗaurarriyar fuska. Ba kuma zan ce miki ki gode Allah tunda ba ya yawon dare ba. Kin san da haka, ke kika fara faɗa, kuma hakan bai hana damuwarki zama damuwa ba.

Ni ma tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, saboda haka ciwon mijinki daga ciki na san shi. Irinmu in mun karanta abin da ya burge mu, ji muke kamar mun tsinci dami a kala, kuma wanda muka fi so shi muke fara rugawa mu nuna wa. Maza da yawa ba su iya buɗe baki su ce wa ɗansu "zo ka zauna kusa da ni" ba. Wani da hirar ƙwallo yake jawo yaro, wani da siyasa. Naki da Hanibal yake zuwa, jarumin da ya kai wa Rum yaƙi, da giwayensa 37 suna hawan duwatsun Alf. Kyauta ce yake miƙo muku. Abin da ya ɓata ta shi ne bai san lokaci ba, bai san awo ba, kuma ba ya jiran a ce masa bismillah.

Ki tuna yadda kakanninmu ke yin tatsuniya. Ba tsohuwar da ke tare yaro da rana tsaka ta hau zuba masa labarin Gizo. Sai an ci abinci, an wanke hannu, an shimfiɗa tabarma. Sannan ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", ta dakata. In ba a ce "ta zo mu ji ta" ba, tatsuniya ba ta fitowa. Tana da waƙar da yara ke amsawa a tsakiya, tana kuma da ƙurunƙus, kowa ya san an gama. Mijinki ya tsallake duk wannan: shi ke cewa ga ta nan, shi ke amsa wa kansa, kuma labarinsa ba ya da ƙurunƙus. Shi ya sa 'yarki ke ɗaukar kwano.

In kin kawo masa misalin tatsuniya yana iya yin murmushi ya wuce, don haka ki shiga masa ta ƙofar da ya bari a buɗe. A Rum an yi wani malami, Kwintiliyan, haifaffen ƙasar Sifen, wanda ya zama malamin fasahar magana na farko da baitulmali ke biya albashi, a zamanin Basfasiyan, wato sarkin nan dai mai harajin fitsari. Wannan malami ya kwatanta kan yaro da tulu mai ƙaramin baki: in ka kwara masa ruwa gaba ɗaya sai ya malale a ƙasa, in ka ɗiga sannu a hankali sai ya cika. Ya hana dukan ɗalibi, ya ce a ba ƙananan yara haruffan hauren giwa su yi wasa da su, a riƙa yi musu tambaya ana yaba musu. Babban abin da yake tsoro shi ne yaro ya tsani karatu tun kafin ya kai shekarun son sa, ɗacin ya bi shi har girma. Ki tambayi maigidan, cikin raha, me Kwintiliyan ya ce game da bakin tulu. Zai ba ki amsa da zumuɗi, kuma in mai hankali ne kamar yadda wasiƙarki ta nuna, kafin ya rufe baki zai gane inda kika dosa.

Daga nan sai ku yanka wa Rum fili. Dare ɗaya a mako, ko na Juma'a ko na Asabar, bayan isha'i, labari ɗaya, rabin sa'a. Wanda ya ga dama ya zauna, wanda bai ga dama ba kada a bi shi da harara. A kan abinci kuwa an rufe ƙofa, musamman ga zancen fitsari da hanjin kifi. Kuma ya daina zama mai wa'azi shi kaɗai. Ya bar yara su zaɓi abin da suke son ji, ya ajiye labarin a tsakiya ya tambaye su, da ku ne me za ku yi? 'Ya'yan Rumawa da gyaɗar ƙasarsu suke wasa, suna kuma cilla ƙananan ƙasusuwan ƙafar tumaki sama su cafe, kusan yadda 'yan matanmu ke carafke da tsakuwa. Ya tsuguna ya yi wannan da Auta sau ɗaya, zai fi zama a kan yaron fiye da sunayen sarakuna ashirin.

Maganar babbar 'yarki ta fi ta kowa gaggawa, don shekara 14 ba wasa ba ce. Nan da 'yan shekaru jami'a ko aure za su ɗauke ta, kuma yarinyar da ta saba cin abinci a ɗaki don gudun ubanta ba ta dawowa tsakar gida da kanta. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba kullum ba. Markus Awreliyus, wanda ya mulki Rum daga 161 zuwa 180 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), mutum ne da ko a sansanin yaƙi rubutun hikima yake yi, ya kuma tara wa ɗansa Komodus malamai. Yaron ya tashi ba abin da yake so kamar shiga fili da takobi a gaban 'yan kallo. Ba ina haɗa 'yarki da shi ba, Allah ya kiyaye, ɗinki sana'a ce mai albarka. Nufina ko sarkin da ke riƙe da rabin duniya bai iya zuba son ransa a zuciyar ɗansa ba. Abin da mijinki zai yi mai sauƙi ne a faɗa: ya shiga ɗakinta, ya zauna, ya ce ta nuna masa abin da take ɗinkawa, ya tambaye ta yadda ake yanka wuya da yadda ake haɗa hannu, ya ba ta yadi ta ɗinka masa ko da 'yar shara ce, ya sa ya fita da ita. Na san harshensa zai yi ƙaiƙayi ya ce ai sarki Agustus ma tufafin da matan gidansa suka saƙa yake sawa. Gaskiya ne, amma ya haɗiye. Wannan zaman nata ne.

Shi kuwa ɗan shekara 11, kada ki ce masa ya yi kuskure, don bai yi ba. Rumawa sun rubuta huɗu da IIII, haka aka sassaƙa a lambobin ƙofofin Kolosiyam, babban filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80, kuma in kin duba agogon bango mai lambobin Rum sau da yawa IIII za ki gani. In kika tilasta masa ya ce ƙarya ya yi, kin koya masa cewa girman mutum ya fi gaskiya, kuma zai daina yarda da ke. Inda ya ɓata shi ne ladabi. Ba a kunyata malami a gaban aji. Ana jira a tashi, a same shi shi kaɗai, a kawo maganar a matsayin tambaya: Malam, na ga an rubuta kaza a wuri kaza, yaya abin yake? Uban ne ya kamata ya kama hannunsa su je su ba malamin haƙuri, tunda shi ya ba shi makamin bai koya masa inda ake zare shi ba. A jarrabawa kuma IV zai rubuta, don shi ake nema.

Akwai labarin da ya dace uban ya ba shi. Filini Babba, mutumin da ya rubuta kundin ilimin halittu mai juzu'i 37, ko abinci yake ci sai an tsayar da mai karanta masa littafi, ya taɓa ma yi wa ɗan 'yar'uwarsa faɗa don ya tafi wani wuri a ƙafa, wai ya ɓata sa'o'in da zai yi karatu da a kujera aka ɗauke shi. Kin ga mijinki yana da magabata. Wata rana mai karatun ya karya wata kalma, wani abokin Filini ya dakatar da shi ya sa ya maimaita. Filini ya tambayi abokin ko ya gane abin da aka karanta. Ya ce ya gane. Sai ya ce to don me ka mayar da shi baya, ga shi ka jawo mana asarar fiye da layi goma? Mutumin da ya fi kowa ƙwaƙwa a zamaninsa ke nan, amma ya san ba kowane gyara ne ya cancanci a katse mutum ba.

Sai Hajiya. Da farko, wannan magana tsakanin ɗa da uwa ce, ki janye jikinki. Shi ya kawo Rum gidan, shi zai je ya durƙusa ya yi mata bayani, ya kuma gaya mata ba ke ba ce. Yana da abin faɗa in ya bi a hankali. Sura ta 30 a Alƙur'ani sunanta Suratur Rum, ta buɗe da labarin an ci Rumawa da yaƙi kuma za su yi nasara nan da 'yan shekaru. Farisawa sun ƙwace Ƙudus a 614, Hirƙal, sarkin Rumawa, ya murƙushe su a Ninawa a 627. Hirƙal ɗin nan shi ne wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, shi ne kuma ya zaunar da Abu Sufyan ya yi masa tambayoyin nan da ke farkon Sahihul Bukhari. A cikin surar ma an yi kira a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Sai dai kada ya yi wa Hajiya wayo: waɗancan Rumawan gabas ne, Kiristoci, masu hedikwata a Kustantiniyya wadda ta faɗi a 1453, nasa kuwa yawanci na farkon ne, masu bautar gumaka. Kuma a kan Auta ina bayan Hajiya. Yaron da bai gama haddace ƙananan surori ba, ba shi da buƙatar jerin sunayen gumaka, balle labarin mutanen da ake jefa wa zakuna. A ba shi na dinyoyin nan da Rumawa ke cewa sun yi ta kuka da dare suka tashi masu gadi lokacin da abokan gaba ke hawa tudun Kafitol na birnin Rum a sace, karnuka kuwa ko haushi. Wannan ya ishe shi shekara guda.

In da zai ji tawa, daren Rum ɗin nan wani makon sai a ba Hajiya shi. A Zariya kuke. Yaron da ya san ƙofofin Kolosiyam ya kamata ya san ƙofofin ganuwar garinsu, a kai shi ya ga Kufena, ya ji labarin Sarauniya Amina da Turunku, ya ji daga bakin kakarsa yadda aka yi aurenta da abin da ake saye da sule a lokacin. Wannan babu shi a littattafan da aka sayo da kuɗin firji, kuma ranar da ta tafi ya tafi. Hanyar haɗa su biyun ma tana bakinmu: masana harshe sun bi sawun kalmar takarda ta hannun Buzaye har zuwa Latin, zinari kuma daga dinari ne, dinari daga dinariyus, kuɗin azurfar Rumawa. Hajiya da ke ajiye takardun gida da 'yan kunnen zinari a adaka ta daɗe tana furta kalmomin Rum ba ta sani ba. Amma ya bari sai ta huce kafin ya gaya mata wannan.

Batun kuɗi ba na raha ba ne, kuma ba ruwansa da tarihi. Kun ware kuɗi tare don wani abu, ya kashe a wani abu ba da saninki ba. Ko littafin addini ya saya da su, ya saɓa alkawari. Ki faɗa masa haka ba tare da kwana-kwana ba, ya mayar da su, sannan ku yanke abin da zai riƙa cirewa na littafi duk wata bayan an gama da cefane da kuɗin makaranta. Rubuce-rubucen Rumawan da kansu ma mafi yawa suna nan kyauta a intanet, shi da ke aikin kwamfuta ya fi ni sani.

Yanzu layinki na ƙarshe. Ina zargin da a ce yakan zauna ya ji yadda kika wuni, da daddawar kifi ba ta dame ki haka ba, wataƙila ma da kina cikin masu dariya. Abin da ke ci miki rai shi ne mutum ya san abin da ya faru a wani gari shekara dubu biyu da suka wuce, bai san abin da ya faru a kicin ɗinsa yau da rana ba. Kuma ina kyautata zaton bai san yana yi ba. A ganinsa kullum kuna hira, tunda kullum yana magana kina wurin. Irin wannan miji ba ya gane shiru, ba ya gane tsaki, habaici kuwa ta saman kansa yake wucewa. Sai kin faɗa masa da kalmomi. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ba yana tsakiyar labari ba, ba kuma ranar da kuka yi maganar kuɗi ba. Kada ki yi wa abin da yake so ba'a, don in kin taɓa Rum zai tsaya kare Rum ne, maganarki ta bi ruwa. Ki ce masa: Abban yara, ina jin daɗin yadda kake ɗokin ba mu labari, ni ma ina da nawa labarin kullum, kuma na daɗe ban samu mai ji ba. Ki nemi abu takamaimai, ko minti goma ne in ya dawo aiki, waya a ajiye, ke ce mai magana. Zai manta ranar farko da ta uku. Ki tuna masa ba tare da fushi ba. In wata biyu suka wuce kin faɗa a fili ya ƙi ko gwadawa, wannan wata magana ce daban, ki sake rubuto mini.

In kina son mai ceto daga cikin mutanensa, ga Kato Babba, wanda ya rayu daga 234 zuwa 149 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba waliyyi ba ne, mutum ne mai tsanani da rowa, har shawara ya bayar a sayar da bawa in ya tsufa. Amma a gidansa, in ba aikin hukuma ne ya tsare shi ba, ba ya bari matarsa ta yi wa jaririnsu wanka ba ya wurin. Yana da bawa malami, amma ya ce shi zai koya wa ɗansa karatu da kansa, da hawan doki, da jifan mashi, da iyo a kogi. Tarihin ƙasarsu da hannunsa ya rubuta wa yaron, da manyan baƙaƙe, daidai idon yaro. Ki lura da wannan, shi ya sauko wurin ɗan. Kuma an ruwaito yana ganin zama miji nagari ya fi zama babban ɗan majalisa cancantar yabo. Mijinki ya san duk wannan, karantawa ya yi ya wuce bai ga kansa a ciki ba.

Kato ɗin nan kuma da naci aka fi saninsa. A ƙarshen rayuwarsa, ko a kan me ya tashi yin magana a majalisar dattawa, sai ya rufe da cewa lallai a rushe Kartaj, birnin abokan gaban Rum. Ki ari dabararsa. Duk hirar da kuka yi, ta Kaisar ce ko ta kuɗin makaranta, ki rufe da "kuma a ganina, lallai a gyara firji". Zai gane daga ina kika samo ta, zai yi dariya, kuma ina sa ran zai kira mai gyara. Shi dai Kato ya rasu saura shekara uku a rushe Kartaj, a 146, bai gani da idonsa ba. Allah ya sa naki ya zo kafin zafin bazara. A gaida Hajiya, a shafa mini kan Niro.